Yayana Kafinta da Ƙusoshin Matatar Ruwa

Yayana kafinta ne. Shekararsa arba'in da uku a wannan sana'a, kuma a duk tsawon shekarun nan ban san ya yi gaba da ɗan Adam ba. Gabarsa ɗaya ce a duniya, da tsatsa yake yin ta. Ina rubuta wannan ne don haushin da ya cika mini ciki ya sami hanyar fita, don in na ci gaba da amayar masa a fuska, wata rana zan faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne da rumfa a gaba. Teburin aiki a tsakiya, zarto huɗu rataye a bango, kowanne an zana siffarsa da fensir don a san inda zai koma. Gwangwanayen madara jere a kan katako, kowanne da girman ƙusar da ke ciki, kowace ƙusa ta sha mai tana ƙyalli. In yana tafiya a titi ya ga lanƙwasasshiyar ƙusa a ƙasa, sai ya tsaya, ko da mota na danna masa hon, ya ɗauka ya jefa a aljihu. Ya kai shago ya miƙe ta da guduma, ya goge da samfefa, ya ɗiga mata mai. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta gaji da ɗinke masa aljihu har ta daina magana. Akwai ranar da wani mutum ya kawo aikin ƙofa da nasa ƙusoshin a leda, sun ɗan yi ja. Yaya ya leƙa ledar, ya ɗaure bakinta, ya miƙa masa ya ce ya je ya nemi wanda zai kafa masa ciwo a katako, shi dai ba da hannunsa ba.

Kada wani ya ce ba ni da kunya ko na manta alheri. Da mahaifinmu ya rasu ina aji uku a firamare, Yaya ne ya riƙe ni har na gama sakandare. Teburin da na yi karatu a kansa shi ya yi shi, yana nan a ɗakina har yau, ko girgiza ba ya yi. Auta yake ce mini, duk da furfurata da jikokina biyu. In kuma ya so ya tsokane ni sai ya ce Likita, saboda ina aiki a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti, inda aikina bai wuce in nemo fayil in rubuta lamba ba.

Wajen shekara goma sha biyar da suka wuce aka haƙa rijiyar burtsatse a bayan layinsu. Kafin nan tsohuwar rijiya suke sha, wadda ruwanta ke yin jawur da damina. Ba wanda ya kai Yaya murna da sabon ruwan. In na je gidansa sai ya ɗebo a kofin gilashi ya ɗaga sama ya ce, "Dubi, Auta. Kamar madubi. Ba irin na famfonku mai warin magani ba."

Bara na fara lura da hannunsa. Yana miƙo mini kofin shayi na ga tafin ya yi wasu ƙulle-ƙulle masu tauri, kamar an dasa masa ƙananan tsakuwa a ƙarƙashin fata. Ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo a wuyansa.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan a hannunka?"

Ya ce, "Kanta ce. Kin taɓa ganin kafinta da hannun jariri?"

"To ita Anti fa? Ita ma guduma take riƙewa? Anti, nuna mini tafin ƙafarki."

Anti ta ja zani ta rufe ƙafa. Ita haka take, in ka taka ta ita za ta ba ka haƙuri. Sai da na yi mako biyu ina mita kafin ta yarda ta biyo ni asibitinmu. Babbar ma'aikaciyar jinyarmu, wadda kowa ke kira Sista, ta duba hannun ta duba ƙafar, ta tambayi wane ruwa suke sha da kuma tun yaushe. Ta ce a kawo mata ruwan a kwalba.

A gabana ta yi gwajin. Ta zuba ruwan a wata 'yar kwalba, ta barbaɗa garin magani iri biyu, ta maƙala wata siririyar farar takarda a murfin ta rufe. Ta ce in takardar ta zauna fara, lafiya lau. In ta yi rawaya akwai guba, in ta yi ruwan ƙasa gubar ta yi yawa. Bayan minti ashirin muka buɗe. Takarda ta yi ruwan ƙasa kamar an tsoma ta a shayi.

Sunan gubar asenik. Sista ta ce daga cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa take narkewa ta shiga ruwa, ba wanda ya zuba ta. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Ba rana ɗaya take kayar da mutum ba, a hankali take cin sa, shekara da shekaru, ta fara da fata. In aka ci gaba da sha, ƙulle-ƙullen nan suna iya tsagewa su zama gyambon da ba ya warkewa, har abin da ya fi haka muni.

Anti ta ce, "To ai sai in riƙa tafasawa."

Sista ta ce, "Tafasawa ba ta taɓa ta, Mama. Ruwan ne zai tafi a tururi, ita ta zauna."

Na gwada kai musu ruwa daga unguwarmu, jarka biyu a mota duk bayan kwana uku. Wata guda na yi ina haka, bayana ya ƙi. Kuma jarka biyu me za ta yi wa gida, ga sha ga girki? Sai Sista ta tara mutanen layin ta koya musu haɗa matata. Abin ba wuya. Babban bokitin roba mai famfo a gindi, a zuba tsakuwa, a bi ta da wankakken yashi. A sama a ɗora baho mai huji-huji, a cika shi da ƙananan ƙusoshin ƙarfe, a rufe su da ɓaraguzan jan bulo don kada zubin ruwa ya watsa su. Ƙusoshin su yi tsatsa, gubar ta manne wa tsatsar, yashi ya tare tsatsar, ruwa ya fito ta famfo. Sau uku Sista ta maimaita cewa tsatsar ita ce maganin. Yaya bai je taron ba, wai yana da aikin gado. Ni na je a madadinsa, na rubuta komai a takarda na kai masa shago.

Ya karanta da gilashinsa a kan hanci. Da ya zo kan layin ƙusa sai ya ɗago.

"Ruwan tsatsa za ki ba ni in sha?"

"Ba ruwan tsatsa ba ne, Yaya. Yashi zai tare ta."

"Ruwa fari tas, a bi da shi ta cikin ƙazanta, wai don ya yi tsabta. Wannan a aji nawa aka koya muku, Likita?"

"A ajin da aka koya mana hannu ɗaya mutum yake da shi a kowane gefe. In naka ya lalace da me za ka riƙe zarto?"

Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce zai haɗa. Na koma gida ina murna, ni sakarya.

Ku zo ku ga matatar da ya haɗa! Ya yi mata teburi mai ƙafa huɗu da wurin ajiye kofi, ya goge shi ya shafa masa man katako, har da 'yar ƙugiya ta rataye tsumma. Duk layin ba mai irinta. Bayan mako uku na ɗebi ruwan na kai wa Sista. Takarda ta fito ruwan ƙasa, daidai da ta farko.

Ko gida ban biya ba, na wuce can. Na ɗage ɓaraguzan bulon, sai ga ƙusoshi farare ƙal suna kallona. Irin na rufin kwano ne, waɗanda aka yi wa shafe tun daga kamfani don kada su yi tsatsa har abada.

"Yaya! Wace irin ƙusa ce wannan?"

"Mafi kyau a kasuwa. Ƙusa kuka ce, ga ƙusa. Abin da iyalina za su sha ne zan sa wa ƙusar banza?"

Wallahi sai da na zauna a bakin ƙofa. Abin da ya fi ƙona mini rai, maƙwabcinsu direban tifa, mutumin da ko takalminsa ba ya wankewa, ya kwaso ƙusoshi a bayan gida ya watsa a baho, ya ɗora bokitinsa a kan tsohuwar taya a karkace. An gwada nasa ruwan, takarda fara sol. Malalacin layi yana shan ruwa mai kyau, mai tsabtar layi yana shan guba a kan teburi mai ƙugiya.

Na je kasuwa da kaina na sayo baƙar ƙusa ta talakawa. Na jiƙa ta a tsohon daro a gidana, na bar ta a iska har ta yi jawur. Na kai, na kwashe nasa farare na zuba masa a gaban shago, na cika bahon da nawa. Yana tsaye yana kallo kamar ina zuba shara a kan gadonsa.

Mako biyu bayan haka takarda ta fito da ɗan rawaya kaɗan, kusan fara. Sista ta ce madalla, a ci gaba a haka. Na saya wa Anti sabon mayafi don murna.

Bayan wata biyu aka sake gwadawa. Ruwan ƙasa.

Sista ta dube ni ta saman gilashi ta ce takardun gwajin nan ba a bakin titi ake tsinto su ba, saura kaɗan a kwalin, kuma gida talatin ne a layin, ba gidan yayana kaɗai ba. Ta ce ɗaya za ta ƙara ware mana, daga ita sai an kawo sababbi, kuma ba ta san ranar ba. Kunya ta kama ni kamar ni na yi laifin.

Ban gaya wa kowa zan je ba. Ranar da ba ni da aiki na tashi da safe na faɗa gidan ko sallamar kirki ban yi ba. A tsakar gida na same su. An shimfiɗa buhu a rana, an baje ƙusoshina a kai. Yaya na zaune a kan 'yar kujera da buroshin ƙarfe, yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana gurzawa. Anti na gefe da tsumma tana sharewa. Ga kofi da ɗan mai a ciki.

"Me nake gani haka?"

Anti ta saki tsumman. "Wallahi na ce masa za ki yi faɗa."

"Kin ce masa, sannan kika ɗauki tsumma?"

"To hannunsa ne ke ciwo, Auta. In na bar shi shi kaɗai sai ya kai azahar."

"Tun yaushe ake wannan aikin?"

Yaya ya ci gaba da gurza ƙusarsa. Na sake tambaya. Anti ta ce duk mako, tun bayan gwajin da ya yi kyau.

"Man nan fa?"

Yaya ya ce, ko ɗagowa bai yi ba, "Na girki ne. Ban sa na inji ba, ai ni ba mahaukaci ba ne."

Na ce abubuwa da yawa a safiyar nan. Wasu na tuna, wasu gara da na manta. Na ce masa taurin kai ba tsabta ba ne. Na ce in shi ya gaji da hannunsa, ita baiwar Allahn nan me ta yi masa da zai riƙa shayar da ita guba da buroshi? Maƙwabta suka fara leƙe ta katanga, ban fasa ba.

Da na tsaya numfashi sai ya ajiye buroshin. Ya ce, "Kin gama? To ji. Ran nan surukina ya zo, ya ɗaga murfin matatar nan zai zuba ruwa. Ya ga abin da ke ciki, ja kamar gindin tsohuwar tukunya. Da aka ba shi ruwa ya ce ba ya jin ƙishi. A gidana, Auta. Shekara arba'in ban taɓa miƙa wa mutum abu mai tsatsa ba. Ni na san abin da take yi. Ƙofa tana tsaye lafiya, ƙusa ɗaya ta yi ja a ciki, shekara biyu ka ga katako ya ruɓe a wurin. Yanzu ki ce mini ita ce magani. Kunnena ya ji. Amma in na wuce ta wurin bokitin nan, na san abin da ke ciki, sai in ji kamar ƙaiƙayi a bayana inda hannu ba ya kaiwa."

Na tausaya masa, amma tausayi ba ya tace ruwa. Na shiga cikin buhun na zaɓo ƙusa mafi ƙanƙanta, irin wadda yake kafa bayan madubi da ita. Na ajiye ta a kan siminti a gabansa.

"Ɗauko mini wannan, Yaya."

"Wasa kike da ni?"

"Ɗauko mini dai."

Ya sa yatsa biyu. Ƙusa ta gangara. Ya sake, ta sake zamewa. Kan yatsun ya yi tauri, ba ya jin ta. Ya gwada tura ta da farce zuwa babban yatsa, sai ƙullin da ke gindin yatsan ya tsage, jini ya ɗan fito. Sau huɗu yana gwadawa. Mutumin da a da yake zaro ƙusa daga cikin garin katako ba tare da ya duba ba.

Anti ta juya baya tana share ido da mayafi. Na kwashe ƙusoshin na wanke musu man da ruwan zafi da sabulu, na ɗauraye, na mayar baho, na jera bulo, na ɗauki jakata na fita. Bai ce mini sauka lafiya ba, ni ma ban ce masa sai an jima ba.

Kwana tara ba mu yi magana ba. Tun da aka haife ni ba mu taɓa kai haka ba.

A rana ta goma ina ɗakin kati, layi ya kai ƙofa, sai na ga hannu ya shigo ta taga. Na gane hannun kafin na ga fuskar. Ya ajiye ɗan makulli a kan fayil ɗin da nake rubutu.

"Na mene ne?"

"Na yi wa bahon akwati. Akwai rami a sama na zuba ruwa, ba a ganin ciki. Na sa kwaɗo. Makulli biyu ya zo da su, ɗayan na jefa a masai. Riƙe wannan."

"Me zai hana ka ba Anti?"

"In na ce ta ba ni za ta ba ni. Ke kuwa ko ina kuka ba za ki bayar ba, tun kina ƙarama muguwa ce ke."

Wata mata a layi ta ce, "Baba, kati za ka karɓa ko hira?" Na ce mata kati zai karɓa. Na buɗe masa fayil nan take kafin ya canza shawara, na tura shi wurin Sista. Ita kuma da ta ga tsagar yatsan ta rubuta masa takarda zuwa babban asibiti.

Mun jira mako shida kafin muka taɓa takardar gwajin da ta rage. Ni na ɗebo ruwan da hannuna, na tsaya a kan Sista har minti ashirin ɗin suka cika. Da ta buɗe murfin, takarda fara, sai ɗan abin da ba za ka kira rawaya ba sai in kana neman rigima.

Hannun bai koma yadda yake ba, kuma likita ya ce kada mu sa rai zai koma duka. An yanke ƙullin babban yatsan, an gwada shi, an ce an tare shi da wuri. Sauran ba su ƙaru ba, na Anti ma har sun ɗan yi laushi. Yana riƙe zarto, yana riƙe guduma, yana yin gado da ƙofa da teburi. Ƙananan ayyuka irin firam ɗin madubi ya daina karɓa, wai ba su da riba, mu kuma muka bar shi a kan haka.

Duk wata nakan je in buɗe akwatin, in motsa ƙusoshin don kada su dunƙule wuri ɗaya, in duba yashin. Da ya ga na ciro makulli sai ya ɗauki hularsa ya fita ƙofar gida ya ba katanga baya. Wancan watan ina cikin aiki na ji muryarsa daga waje.

"Auta, sun yi ja sosai?"

"Sun yi, Yaya."

"Sosai-sosai?"

"In ka gani ba za ka ci abinci ba."

Ya yi tsaki mai tsawo. Can ya ce, "To rufe da sauri, ki miƙo mini kofi ɗaya, ƙishi nake ji."